Yankara

Yankara (wasu na rubuta shi 'Yankara) gari ne a ƙaramar hukumar Faskari, a kudu maso yammacin jihar Katsina, Najeriya. Yana kan babbar hanyar da ta tashi daga Funtuwa zuwa Gusau, dab da iyakar jihar Katsina da jihar Zamfara. Yankara ɗaya ce daga cikin mazaɓu goma na ƙaramar hukumar Faskari. Sauran su ne Faskari, Daudawa, Maigora, Mairuwa, Ruwan Goɗiya, Sabon Layi/Galadima, Sheme, Tafoki da 'Yarmalamai. A majalisar wakilai ta tarayya garin yana cikin mazaɓar Faskari/Ƙanƙara/Sabuwa, a majalisar dattawa kuma yana cikin shiyyar Katsina ta Kudu, wadda aka fi sani da shiyyar Funtuwa. Ta ɓangaren sarauta yana ƙarƙashin masarautar Katsina.

Ba a haɗa Yankara da garin Ƙanƙara, wanda hedikwatar wata ƙaramar hukuma ce ta daban, ko da gandun dajin Yankari da ke jihar Bauchi. Kamannin suna ne kawai.

An san garin da noma da kiwo da kasuwa. Abubuwa uku ne suka raya shi: ƙasa mai albarka, babbar hanya, da zamansa a bakin iyaka kusa da dazuzzukan kiwo. Tun daga shekarun 2010 kuma, waɗannan abubuwa ukun ne suka jawo masa hankalin 'yan bindiga, har ta kai duk wani batu na zama a garin, ko kai masa ziyara, ko sa kuɗi a cikinsa, sai an fara da tambayar lafiyar hanya da lafiyar daji.

Wuri da yanayi

Wanda ya taso daga Funtuwa ya nufi yamma zai wuce Mairuwa da Sheme kafin ya isa Yankara. Da ya fita daga garin ba da nisa ba sai ya shiga ƙasar Zamfara ta Wanzamai da Kucheri, sannan Tsafe, daga nan Gusau. A Sheme ne hanyar Ƙanƙara ke haɗuwa da babbar hanya.

Ƙaramar hukumar Faskari na da faɗin murabba'in kilomita 1,750, kuma ƙidayar 2006 ta nuna tana da mutum 196,035. A ƙidayar dai, Ƙanƙara na da 245,739, Sabuwa kuma 136,050. Faskari ta yi iyaka da Tsafe ta yamma, Ƙanƙara ta arewa, Bakori da Funtuwa ta gabas, Dandume da Sabuwa ta kudu. Sabuwa ita kuma tana maƙwabtaka da Birnin Gwari a jihar Kaduna. Wannan ya sa yankin ke a mahaɗar jihohi uku, kuma dazuzzukansa, ciki har da dajin Kogo, suna haɗe da manyan dazuzzukan Zamfara da na Birnin Gwari ba tare da wani shinge ba.

Ruwan sama a nan ya fi na arewacin jihar yawa, yakan kai kimanin milimita 1,000 a shekara. Damina na kankama daga watan Mayu ko Yuni ta ɗauke a ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu lokacin hunturu ne da hazo, sai bazara mai tsananin zafi a Maris da Afrilu. Akwai duwatsu da tsaunuka jefi-jefi a yankin, da rafuka masu gudu da damina su ƙafe da rani, su bar fadamu.

Tarihin yankin

Kudancin ƙasar Katsina shi ake kira Katsina Laka, saboda ƙasar wurin mai nauyi ce mai riƙe ruwa, saɓanin jigawar arewa. Kafin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo akwai tsofaffin garuruwa masu sarautunsu a wannan ɓangare, irin su Maska, Gozaki, Pauwa da Birnin Kogo. 'Yandoto, wadda ta yi suna da malamai, tana kusa da Tsafe, kuma a wancan zamani ana lissafa ta cikin ƙasar Katsina. Masanin tarihi Yusufu Bala Usman ya yi bayanin wannan yanki a littafinsa kan sauye-sauyen ƙasar Katsina daga 1400 zuwa 1883.

A ƙarni na 19 yaƙe-yaƙe tsakanin sabuwar masarautar Katsina da tsofaffin sarakunanta da suka koma Maraɗi sun hana wurare da dama cika da jama'a. Cikar yankin sosai ta zo ne a zamanin Turawan mulkin mallaka, kuma auduga ce ta kawo ta. Turawa sun buɗe gonar inganta irin auduga a Daudawa a shekarun 1920, aka kafa injin gurzar auduga a Funtuwa, aka kuma shimfiɗa layin dogo daga Zariya ta Funtuwa da Tsafe da Gusau, wanda ya isa Ƙauran Namoda a 1929. Manoma daga arewacin Katsina da Daura da ƙasar Sakkwato suka riƙa kwararowa neman gona. Yawancin ƙauyukan da sunansu ya fara da "Unguwar" ko "Sabon Layi" ko "Hayin" a wannan yanki, irin wannan ci-rani ne da ya zama zama.

Daga 1975 zuwa 1980 an gudanar da shirin bunƙasa noma na Funtuwa da tallafin Bankin Duniya, ɗaya daga cikin irinsa uku na farko a Najeriya tare da na Gusau da na Gombe. Gundumomin Faskari da Ƙanƙara na cikin inda shirin ya shafa. Shi ne ya yaɗa takin zamani da ingantaccen irin masara, ya buɗe hanyoyin karkara. Kafin nan masara abar bayan gida ce da ake gasawa ɗanya. Bayan shirin ta zama babban amfanin gona na sayarwa. Manyan manoma da masu hanya da hukuma ne suka fi cin moriyarsa, kuma masu nazari sun soki shirin a kan haka. A lokacin yankin na cikin tsohuwar jihar Kaduna, har zuwa 23 ga Satumba, 1987 da aka ƙirƙiro jihar Katsina.

Zama a garin

Mafi yawan mazauna Hausawa ne da Fulani, kuma Musulmi ne. A wasu ƙauyukan kudancin Katsina akwai Maguzawa, waɗanda da yawansu suka karɓi Musulunci ko Kiristanci. Kamar sauran garuruwan bakin hanya, akwai baƙi 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu daga wasu sassan ƙasar.

Tsarin gida irin na ƙasar Hausa ne: zaure, tsakar gida, ɗakunan mata, rumbu da turken dabbobi. Ginin ƙasa da rufin kwano shi ne ya fi yawa, ginin bulo ya fi yawa a bakin titi. Maigida da 'ya'yansa maza kan yi noman gandu tare, kowa kuma yana da gayaunarsa da yake nomawa don kansa. Mata ba su cika fita gona a cikin gari ba, amma sana'ar cikin gida tasu ce: ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, daddawa, awara, fura, waina, da kiwon awaki da kaji. Adashi shi ne bankin da yawa daga cikinsu.

Shekarar garin tana bin gona. Sharar gona da kai taki da bazara, shuka da saukar ruwa, noma da maimai da huɗa a tsakiyar damina, sai girbi da casa da kaka. Watannin Yuli da Agusta su ne mafi wuya, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sabon abinci bai nuna ba, zazzaɓin cizon sauro kuma ya yi yawa. Da kaka ne ake biyan bashi, a yi aure, a gyara gini. Da rani samari da dama kan tafi ci-rani Abuja, Legas, Kaduna ko Fatakwal, su yi acaba ko ga-ruwa ko ƙananan saye da sayarwa, su dawo kafin shuka.

Ruwan sha daga rijiyoyi ne da rijiyoyin burtsatse. Wutar lantarki ba abar dogaro ba ce a karkarar yankin, shi ya sa masu cajin waya da masu injin niƙa suka dogara da janareto, yanzu kuma da sola. Akwai makarantun boko da na Islamiyya da na allo. Ciwon da ya fi ƙarfin ƙaramin asibiti akan kai shi Funtuwa ko Gusau, in ya tsananta a wuce asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Cikin jami'o'in da ke kusa akwai ta Ahmadu Bello a Zariya da jami'o'in tarayya na Gusau da Dutsin-Ma.

Baƙon da zai zauna yakan fara ne da mai unguwa ko dagaci, ta hannun wani ɗan gari da ya san shi. A da wannan ladabi ne kawai. Yanzu ya zama tilas, domin tsoron masu kai wa 'yan bindiga labari ya sa ba a ba baƙon da ba a san asalinsa ba hayar ɗaki cikin sauƙi.

Noma da kasuwa

Masara da dawa su ne kan gaba, sai gero, waken soya, wake, shinkafa, gyaɗa da auduga. A fadamu ana noman rake, tumatir, barkono, albasa da kuɓewa. Yawancin manoma da garmar shanu suke huɗa, don haka shanun noma su ne jarin manomi mafi girma bayan gonar kanta. Ingantattun iri da dama da ake shukawa a yankin, na masara da na auduga, sun fito ne daga cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya.

Auduga ta ja baya sosai tun bayan durƙushewar masaƙun Kaduna da Kano. A 2019 Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar da rabon irin auduga ga manoma a Katsina a ƙarƙashin shirinsa na ba manoma rance, amma auduga ba ta koma matsayinta na da ba. Waken soya ne ya maye gurbinta a gonaki da yawa, saboda ba ya cin taki kamar masara, kuma kamfanonin mai da na abincin kaji suna saye.

Kasuwar Yankara kasuwar mako ce ta hatsi da dabbobi, kuma tana cikin jerin kasuwannin da 'yan kasuwa ke zagayawa tare da ta Sheme, Dandume, Ƙanƙara, Funtuwa da Tsafe. Amfaninta shi ne tana bakin titi kuma tana bakin iyaka, don haka tana tara kaya daga ƙauyukan Katsina da na Zamfara. Manomi ya kawo tiya-tiya ko buhu ɗaya a kan babur, 'yan sari su tara, dillalai su haɗa ciniki, 'yan dako su loda wa manyan motoci zuwa Dawanau a Kano ko kudancin ƙasar. A kara kuwa, ba a sayen saniya sai da dillali ko fatoman da zai tsaya shaida cewa ba ta sata ba ce.

Matsalar tsaro

Abin ya faro ne da satar shanu da rikicin manoma da makiyaya a Zamfara wajen 2011, ya tsallako Katsina, ya rikiɗe ya zama garkuwa da mutane don kuɗin fansa da ƙone ƙauyuka. Faskari, Ƙanƙara da Sabuwa suna cikin ƙananan hukumomi takwas da gwamnatin jiha ke kira na bakin daga, tare da Jibiya, Batsari, Safana, Ɗanmusa da Dandume. Dalilan da ake kawowa sun haɗa da cinye burtali da makiyaya da gonaki suka yi, zaluncin da makiyaya ke kukan ana yi musu a kotu da wurin hukuma, kashe-kashen ramuwa tsakanin 'yan sa-kai da Fulani, yawaitar makamai, da haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba. Manoma da makiyaya duka sun yi asara. Fulani da yawa da ba ruwansu sun rasa garkensu, wasu sun bar yankin gaba ɗaya.

A watan Satumba 2019 gwamna Aminu Bello Masari ya yi zaman sulhu da shugabannin 'yan bindiga, amma sulhun bai daɗe ba. A watan Yuni 2020 aka kai hari Kadisau da wasu ƙauyukan Faskari, aka kashe mutane da dama. A watan Yuli na shekarar rundunar soja ta ƙaddamar da atisayen Sahel Sanity daga babban sansaninta da ke Faskari. Ranar 11 ga Disamba, 2020 aka sace ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta gwamnati da ke Ƙanƙara, aka sako su bayan kwana shida. Wannan ne ya sa duniya ta san sunan yankin.

Matakan da aka ɗauka a 2021 sun taɓa rayuwar gari irin Yankara kai tsaye. Gwamnatin jiha ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, ta hana cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi da dama har da Faskari, ta hana sayar da fetur a jarka, aka kuma katse layukan waya na tsawon watanni. An yi haka ne don a toshe wa 'yan bindiga hanyar samun mai da abinci da labari, amma dillalai da 'yan dako da masu POS su ma sun rasa abin yi, kuma wanda aka kawo wa hari ba shi da hanyar kiran taimako. A watan Oktoba 2023 gwamna Dikko Umaru Radda ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta jiha, wadda aka ɗebi matasanta daga garuruwan da abin ya shafa. A 2025 kuma al'ummomin ƙananan hukumomi da dama, ciki har da Faskari, sun yi zaman sulhu da 'yan bindigar yankunansu. Ra'ayi ya rabu a kan haka: wasu na ganin ya ba su damar komawa gona, wasu na tuna yadda sulhun baya ya ƙare.

Illar da ta fi daɗewa ita ce ta gona. Manyan gonaki masu kyau su ne na nesa da gari, kuma su ne aka fara bari. A wasu ƙauyuka sai an biya 'yan bindiga kuɗi kafin a yi shuka ko a kwashe amfani. An sha hana shuka dawa da masara a bakin hanya da gefen gari saboda dogon kara na ɓoye maharan. Garuruwan bakin titi sun cika da mutanen ƙauyukan da aka tasa, gonakin kusa da gari suka yi tsada, masu hali kuma suka kwashe iyalansu zuwa Funtuwa, Zariya ko Katsina.

Ziyara

Yankara ba garin yawon buɗe ido ba ne. Masu zuwa 'yan kasuwa ne, da 'yan uwa masu zumunci, da ma'aikatan gwamnati da na ƙungiyoyin agaji, da matafiya masu tsayawa cin abinci. Ana samun mota daga tashar Funtuwa ko ta Gusau. Ɓangaren hanyar daga Sheme zuwa Tsafe ya sha fama da tare motoci, don haka direbobi sun fi son bi da rana tsaka, su jira juna su tafi a jere, kuma su tambayi na gaba kafin su tashi. Akwai shingayen jami'an tsaro da yawa, ana kuma buƙatar katin shaida. Gwamnatocin Amurka da Birtaniya suna shawartar 'yan ƙasashensu da su guji zuwa jihohin Katsina da Zamfara.

Mai kwana yakan sauka gidan wanda ya zo wurinsa, ko ya koma Funtuwa inda ake da otal-otal. Shiga ƙauyukan ciki ba tare da ɗan gari ba ganganci ne, haka nan yawan tambayar wane ne mai kuɗi ko ɗaukar hoton mutane da shingen tsaro ba izini. Dajin Kogo yana cikin gandun daji goma da gwamnatin tarayya ta amince a 2020 a mayar da su wuraren shaƙatawa na ƙasa, sai dai halin da ake ciki bai bari ya zama wurin ziyara ba.

Zuba jari

A ƙarƙashin dokar mallakar ƙasa ta 1978, ƙasa amana ce a hannun gwamnan jiha. A karkara ƙaramar hukuma ce ke ba da takardar izinin mallaka ta gargajiya, kuma ba ta da ikon ba da fiye da hekta 500 don noma ko hekta 5,000 don kiwo sai da amincewar gwamna. A aikace yawancin gonaki ba su da irin wannan takarda. Ana samun gona ta gado, saye, aro, haya ko jingina, a rubuta yarjejeniya a gaban dagaci da shaidu. Rigimar da aka fi samu ita ce ta gonar gado da ba a raba ba, inda ɗa ɗaya zai sayar, sauran magada su taso daga baya. Akwai kuma gonakin da masu su suka gudu suka bari, ake sayar da su da arha. Arhar tana da dalili, kuma mai saye zai iya shekara da shekaru bai taka wurin ba.

Mutanen birni da ke sa kuɗi a yankin ba su cika yin noma da kansu ba. Wasu na ba ɗan uwa ko amintacce taki da iri da kuɗin ƙwadago, a raba amfani da kaka. Wasu na sayen hatsi da kaka lokacin da yake araha, su ajiye su sayar da bazara ko tsakiyar damina. Wannan ita ce sana'ar da aka fi sani, amma ba kullum take ci ba. Bayan gwamnatin tarayya ta ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci na kwana 150 a 2024, farashin masara da sauran hatsi ya faɗi a 2025, waɗanda suka ajiye da tsada suka yi asara, alhali taki bai sauko ba. Masu ajiya da yawa kuma sun gwammace su kwashe kayan zuwa shagunan Funtuwa maimakon su bar su kusa da daji. Wake ya fi hatsi riba amma ya fi saurin cin ƙwari, sai an sa shi a buhu mai leda a ciki da ke hana iska shiga.

Turkar raguna don Babbar Sallah tana da kasuwa tabbatacciya, kuma ta fi kiwon garke aminci tunda a cikin gida ake yin ta. Garken shanu a fili kuwa shi ne abin da ɓarayi suka fi nema. Ƙananan sana'o'in da ke tafiya ko da yaushe su ne injin niƙa da na casa, shagon taki da maganin feshi, sayar da kayan sola, gyaran babur da POS. Ƙarancin takardun kuɗi da aka yi a farkon 2023, lokacin sauya fasalin naira, ya nuna yadda kasuwar karkara ta dogara da tsabar kuɗi, cire tallafin fetur a watan Mayu na shekarar kuma ya ɗaga kuɗin dako da na ban-ruwa da injin.

Akwai manyan ayyuka biyu da za su iya sauya lissafin yankin. Na farko shi ne tashar sauke kaya ta kan tudu da aka buɗe a Funtuwa a 2024, wadda ake sa ran za ta sauƙaƙa fitar da kaya irin su waken soya zuwa ƙasashen waje. Na biyu shi ne aikin mayar da hanyar Zariya zuwa Sakkwato tagwaye, wadda ta ratsa Funtuwa da Gusau. A Ƙanƙara kuma akwai farar ƙasa mai yawa da masana'antun fenti da na tangaran ke amfani da ita, sai dai haƙar ma'adinai na buƙatar lasisi daga gwamnatin tarayya, ba izinin mai gona kaɗai ba.

Wata matsala da ba a samun ta a takardun lissafi ita ce ta fitar suna. A yankin da ake sace mutum don kuɗin fansa, wanda aka san ya tara buhu ɗari ko ya sayi tarakta ya jawo wa kansa da iyalinsa ido. Shi ya sa manyan manoma da dama ke rarraba kayansu a hannun mutane daban-daban, suna karɓar kuɗi ta banki maimakon a hannu, suna kwana a Funtuwa su zo gona da safe su koma kafin la'asar.